Teburin cin abinci na katakon tik: zai jure zafin ranar Jidda?

Teburin nan mai kujeru 6, na tik (teak, wani katako mai ƙwari) ɗin Indonesiya ne daga zuciyar itace, mai maiƙo, shi ya sa ruwa da gara ba sa cin sa. Ya cancanci kuɗinsa. Illarsa ɗaya: kusoshinsa ƙarfe ne na gama-gari, iskar gishirin Bahar Maliya za ta sa su tsatsa, su bar baƙin tabo a jikin katakon. A canza su da na ƙarfen da ke jure tsatsa (stainless steel) lamba 316.

Cikin shekara guda a rana, launin zumarsa zai koma ruwan toka, amma ba lalacewa ba ce. Kada a shafa masa mai, ƙura yake kamawa. Ruwan sabulu da buroshi mai laushi sun isa, a bi layin katakon. Man kabsa (dafa-dukan shinkafar Saudiyya) in ya zuba, a goge nan take.