Kwas ɗin nutso na mataki na biyu: wanne ya cancanci kuɗinka kafin ka nufi Bahar Maliya?

Jirgin Thistlegorm yana kwance a ƙasan Bahar Maliya tun watan Oktoba na 1941, lokacin da jiragen saman yaƙin Jamus suka nutsar da shi, kuma har yau babura da motocin soja suna jere a cikinsa. Zurfin wurin ya kai kimanin mita 30, katin shaida na farko da ake bai wa sabon mai nutso da tukunyar iska kuwa iyakarsa mita 18. Wannan giɓin ne yake sa yawancin waɗanda suka je Sharm El-Shaikh, Dahab ko Hurgada a Masar su fara tambayar kwas na gaba. Masu shagunan nutso sun san da haka, ga allunan talla a ko'ina, kowa na cewa kwana biyu ka gama. Kafin ka miƙa kuɗi, ya kamata ka san cewa kwasa-kwasan da sunayensu suka yi kama da juna ba abu ɗaya suke koyarwa ba.

Wanda ya fi yaɗuwa shi ne Advanced Open Water Diver na PADI, ƙungiyar koyar da nutso da aka kafa a Amurka a 1966. Nutso biyar ne tare da malami. Biyu dole ne: na zurfi da na gane hanya a ƙarƙashin ruwa. Sauran ukun kai za ka zaɓa, ko nutson dare, ko na jirgin da ya nutse, ko na daidaita jiki a ruwa, ko na bin ruwa mai gudu. Ba a neman ka tara wani adadin nutso kafin ka shiga, wanda ya karɓi katin farko jiya zai iya farawa yau. In an gama, iyakarka ta koma mita 30, yara 'yan shekara 12 zuwa 14 kuma mita 21. Advanced Adventurer na SSI da Advanced Adventure Diver na SDI, wasu ƙungiyoyin koyar da nutso biyu, duk tsarinsu kusan haka yake: nutso biyar, ɗanɗano daga fannoni biyar.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. SSI ta daɗe tana ajiye sunan Advanced Open Water Diver ga wanda ya kammala cikakkun darussa na musamman guda huɗu, ya kuma rubuta nutso 24 a littafinsa. SDI ma tana da Advanced Diver mai neman darussa huɗu da nutso 25. Ke nan mutum biyu za su hau jirgi ɗaya, katunansu na ɗauke da suna kusan iri ɗaya, alhali ɗaya nutsonsa tara ne a duniya, huɗu na kwas ɗin farko da biyar na wannan, ɗayan kuma ya haura ashirin. Saboda haka in mai shago ya faɗa maka sunan kwas, ka ce ya rubuta maka nutso nawa ne, waɗanne ne, da zurfin da katin zai ba ka dama.

Ƙungiyar NAUI ta ɗan fi tsauri. Kwas ɗinta na wannan mataki nutso shida ne aƙalla, uku daga ciki dole: gane hanya, nutson dare ko na ruwa mai duhu, da na zurfi. Ina ganin sanya nutson dare cikin na dole abu ne mai kyau, domin wanda ya iya riƙe hankalinsa da tocila kaɗai a hannu, yana duba ma'aunin iskarsa yana kuma lura da abokinsa, ya koyi abin da zai amfane shi ko da rana.

CMAS, wadda aka kafa a Monako a 1959 Jacques Cousteau yana shugabanta na farko, da BSAC ta Birtaniya da ta fara a 1953, tasu hanyar daban ce. Sun fi dogara da ƙungiyoyi inda ake koyo a hankali, makonni ko watanni. Matakin tauraro biyu na CMAS da Sports Diver na BSAC duk sun haɗa da darasin ceto, abin da PADI ta ware a kwas na daban. Sharuɗɗan CMAS suna bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, tun da hukumar kowace ƙasa ce take tsara nata. Ga ɗalibin da ke zaune a Ingila, Faransa ko Masar na shekaru, wannan hanya ce mai kyau ƙwarai. Ga mai hutun kwana goma, da wuya ta yiwu. Akwai kuma ƙungiyar GUE, wadda ba ta karɓar mai shan taba, tana gwada ninƙaya kafin komai, kuma ɗalibi yana iya gama kwas bai ci ba. Tasu ta fi dacewa da wanda ya ƙudurta shiga kogo ko nutso mai zurfi sosai nan gaba.

Yanzu bari mu dubi abin da yake faruwa a mita 30, domin shi ne abin da kake saye. Duk mita 10 da ka sauka, matsin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da ke kanmu a tudu. A mita 30 ya ninka sau huɗu, don haka kowane numfashi yana cin iskar tukunya sau huɗu. Allurar ma'aunin iskar tukunya da ka bari a 200 za ka ga tana gangarowa kana kallo. Lokacin ma ya ragu: a jadawalin PADI, mita 18 tana ba ka minti 56 kafin tsayawar dole a hanyar hawa, don iskar naitirojin ta fita daga jiki, ta hau kanka, mita 30 kuwa minti 20 kacal. Malami zai nuna maka allo mai launuka, ka ga jan da ka gani a sama ya koma ruwan ƙasa mai duhu, sai ya haska tocila jan ya dawo. Wasu malaman sukan ba ka ɗan lissafi ka yi, don ka ji yadda naitirojin yake nauyaya tunani a wannan zurfi, mutum ya riƙa ji kamar komai lafiya alhali hannunsa ya yi sanyi wajen aiki. Sannan a hau a hankali, a tsaya minti uku a mita biyar. Wannan duka nutso ɗaya ne a kwas mai nutso biyar. Sau ɗaya ka je can tare da malami, aka ba ka kati. Wanda yake son zurfi da gaske sai ya ƙara kwas ɗin Deep Diver, nutso huɗu, iyaka mita 40, inda jadawalin yake ba da minti tara.

Nutson gane hanya shi ne wanda ake yi wa riƙon sakainar kashi, kuma da shi za ka gane malamin kirki. Ana shimfiɗa igiya mai tsawon mita 30, ka ƙirga bugun ƙafarka daga farko zuwa ƙarshe, sannan ka bi kamfas ka je ka dawo, ka kuma zana murabba'i ka koma inda ka tashi. Malamin da yake sauri zai bar ka ka yi sau ɗaya ko da ka kauce, ya sa hannu. Na kirki zai sa ka maimaita. Shi ya sa nake ganin tambayar ɗalibai nawa malami ɗaya zai riƙe ta fi tambayar sunan ƙungiya muhimmanci. Biyu ko uku ya yi daidai. Idan an ce takwas ne, ka nemi wani shagon ko da ya fi tsada, araha ba ta ado.

A cikin ukun da za ka zaɓa, ka sa na daidaita jiki a ruwa. Wanda bai iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa ba yana ƙona iska, yana tayar da yashi, yana karya murjanin da ya ɗauki shekaru yana girma. Ɗaukar hoto da sanin sunayen kifaye za su jira.

Ga yadda nake ganin zaɓin. Mai gajeren hutu da yake son ganin Thistlegorm ko ramin Canyon na Dahab ya ɗauki kwas mai nutso biyar, na PADI, SSI ko SDI, duk wanda malaminsa ya fi, tun da shagunan Masar suna karɓar katunan juna. Ya haɗa da kwas ɗin naitiroks, wato iskar da aka ƙara wa oksijin zuwa kashi 32 ko makamancin haka, wadda take tsawaita lokaci a zurfi amma tana da iyakar da ba a ƙetarewa. Karatunsa na yini ɗaya ne. In da hali ya fara yin nutso goma ko fiye da katin farko kafin ya shiga, zai fi cin moriyar darasin. Bayan haka, kwas ɗin da na fi so kowa ya yi shi ne Rescue Diver, wanda PADI take neman shaidar taimakon gaggawa ta cikin watanni 24 kafin a ba da katinsa. A nan ake koyon gane abokin da tsoro ya kama, da fito da wanda ya suma. Kuma ka sani cewa jiragen da ke kai mutane tsibiran Brothers da tudun murjani na Daedalus da yawansu suna duba littafin nutso, suna neman nutso 50, kati kaɗai bai isa ba. Ƙofar dutsen Blue Hole ta Dahab kuwa tana wajen mita 55, babu ɗaya daga cikin waɗannan katuna da ya ba ka izinin zuwa can, kuma ta ci rayuka da yawa.

Batun kuɗi, ka tambaya ko farashin ya haɗa da karatun intanet, kuɗin kati, hayar kaya da kwamfutar hannu, jirgin ruwa, da kuɗin shiga gandun Ras Muhammad. Tafiyar Thistlegorm galibi kuɗinta daban ne. Ka tabbata shagon yana da rajista da CDWS, hukumar da ke kula da shagunan nutso a Masar, akwai tukunyar oksijin a jirgi, kuma kana da inshorar da ta ɗauki jinya a ɗakin matsin iska, inda ake kula da ciwon nutso, irin ta ƙungiyar DAN.

Takardar lafiya da za a ba ka ka cike ta da gaskiya. Asma, ciwon zuciya, farfaɗiya da matsalar kunne duk sai likita ya duba. Mu da cutar sikila ta yi yawa a cikinmu, ya kamata mu san likitocin nutso suna lissafa ta cikin manyan haɗura, don haka mai ita kada ya sa hannu sai ya ga likitan da ya san harkar. Sannan ka tsara ranakun kwas ɗin yadda nutson ƙarshe zai ƙare aƙalla awa 18 kafin jirgin saman da zai dawo da kai gida.