Tennis Abstract: gwajin shafin da tarihin wasan Ágnes Szávay

Shafukan ƙididdigar tanis duk gwanaye ne idan ana maganar 'yar wasan da ke tashe a yau. Inda ake gane mai aiki shi ne a ba shi sunan wadda ta ajiye wasa tun shekaru goma da suka wuce, a ga abin da zai iya fito da shi. Ágnes Szávay ta ƙasar Hungari ta dace da irin wannan gwaji. An haife ta a garin Kiskunhalas ranar 29 ga Disamba 1988, ta kai matsayi na 13 a duniya a watan Afrilu 2008, ta ci kofi biyar na WTA, hukumar ƙwararrun 'yan tanis mata, a wasan ɗaiɗai, sannan ciwon baya ya sa ta yi ritaya a watan Fabrairu 2013 tana da shekara 24. Zamaninta gajere ne, ana iya bin sa wasa bayan wasa a zama ɗaya, kuma ya ratsa lokacin da aka sauya sunayen matakan gasa, abin da ke rikita masu bincike da yawa.

Tennis Abstract shafi ne da Jeff Sackmann ya kafa. Kyauta ne, ba a buɗe asusu, kuma kusan duk abin da ke cikinsa rubutu ne da jadawali. Da Turanci yake, amma Turancin bai wuce sunayen maɓallai da gajerun haruffa ba. Wanda ya haddace goma daga cikinsu ya gama.

Tun daga akwatin bincike ake fara tuntuɓe. Mutanen Hungari sunan dangi suke fara faɗa, don haka a jaridunsu Szávay Ágnes za a gani. Shafin kuwa ba ya amfani da ɗigon da ke kan haruffa, kuma sunan yanka yake sa wa a gaba. A rubuta Agnes Szavay kawai. Ga mai karanta labari a rediyo, haruffan sz a harshensu sautin s suke bayarwa, s shi kaɗai kuma sautin sh, saboda haka sunan ya fi kusa da Agnesh Sabai.

Da shafinta ya buɗe, abu na farko shi ne a tabbatar an zaɓi Career a wurin zaɓen lokaci, domin a ga dukan wasanninta. Daga nan sai tacewa, wadda ita ce ƙarfin shafin. Ana iya ware shekara guda, ko irin fili, ko matakin gasa, ko zagaye, ko matsayin abokiyar karawa, ana kuma iya haɗa biyu ko uku lokaci ɗaya. A zaɓi zagayen ƙarshe kaɗai, sai labarin kofunanta ya fito a layuka kaɗan: Palermo a 2007, inda ta lallasa Martina Müller da 6-0, 6-1, Beijing a wannan shekarar, Budapest a 2009 da 2010, duka biyun a kan Patty Schnyder ta Suwizalan, da Prague a 2010, mako guda bayan Budapest. Sai biyu da ta rasa, New Haven a 2007 da gasar cikin ɗaki ta Paris a 2008 a hannun Anna Chakvetadze. A ƙara tacewar fili, nan take za a ga huɗu daga cikin kofunan biyar a filin jar ƙasa ta ci su. Beijing ce kaɗai a filin daɓe. Wannan aikin minti biyu ne, kuma ya fi dogon bayanin da akan samu a wasu wurare amfani.

Shekarar 2007 ita ce ta fi cancantar a zauna a kanta, domin a nan ne ake ganin abin da jeri ke koyarwa. Ta shiga shekarar tana can wajen ɗari ta farko. A watan Yuli ta ci Palermo. A Agusta ta shiga New Haven ta wasannin share fage, ta ratsa har wasan ƙarshe, ta ci turmin farko 6-4 a kan Svetlana Kuznetsova, ana 3-0 a turmi na biyu Kuznetsova na gaba sai ta janye saboda bayanta. Shafin yana nuna irin wannan da RET a ƙarshen sakamako, W/O kuma yana nufin ba a ma shiga fili ba. Makonni kaɗan bayan haka ta kai zagayen 'yan takwas a US Open, inda Kuznetsovar ta sake tare mata hanya. A Satumba kuma ta doke Jelena Janković a Beijing da 6-7, 7-5, 6-2. Wanda ya bi layukan nan a jere zai lura cewa ciwon da ya kashe mata sana'a ya leƙo tun a shekarar da ta fara haskawa. Ta ƙare shekarar a matsayin sabuwar 'yar wasan da WTA ta karrama.

To amma a wannan wasa na Beijing ne iyakar shafin ke bayyana. Layin ya ce 6-7, 7-5, 6-2, shi ke nan. Bai ce Janković ta kai 5-1 a turmi na biyu ba, bai ce maki ɗaya ya rage mata ta ɗauki kofi ba kafin Szávay ta kwace wasan. Sakamakon turmi ba ya ɗauke da hanyar da aka bi aka kai shi. Mai rubuta tarihi dole ya koma rahotannin jaridu na lokacin ko faifan wasan. Akwai wani sashe mai suna Match Charting Project, inda 'yan sa-kai ke kallon wasa suna rubuta kowane bugu, amma a 2013 aka fara shi, bayan ta bar fili, kuma tsohon wasa ba ya shiga sai an samu faifansa da wanda zai zauna ya bi shi.

Akwai tarko uku da ya kamata a sani kafin a kwafi komai daga jadawalin.

Kwanan watan da ke gefen kowane wasa ranar fara gasar ce, ba ranar da aka buga wasan ba. A gasar mako biyu irin Roland Garros, babbar gasar Faransa da ake yi a Paris, wasan zagayen farko da na ƙarshe duk kwanan wata ɗaya suke ɗauke da shi. Wanda ya rubuta cewa Szávay ta doke Venus Williams 6-0, 6-4 a Roland Garros a 2009 ya yi daidai, zagaye na uku ne, Venus kuma ita ce ta uku a jerin gwanayen gasar. Amma idan ya ɗauki ranar da shafin ya nuna ya liƙa wa wasan, ya yi kuskure da kwanaki. Haka matsayin da ke gefen suna, na makon da aka shiga gasar ne.

Na biyu ya fi wannan cin mutane. Kafin 2009 WTA tana kasa gasanninta ne zuwa Tier I, II, III da IV. Daga 2009 aka koma Premier da International, a 2021 kuma aka koma WTA 1000, 500 da 250. Gasar Beijing ta yau tana cikin manyan 1000, amma wadda Szávay ta ci a 2007 Tier II ce, sai a 2009 aka ɗaga darajarta. Cewa ta ci kofin WTA 1000 ƙarin gishiri ne. Palermo Tier IV ce a lokacin, Budapest da Prague kuma International, wato matakin 250 na yanzu. Tacewar matakin gasa tana ƙoƙarin tattara zamunan nan uku a ƙarƙashin 'yan sunaye kaɗan, don haka a riƙa duba shekarar kafin a yanke hukunci.

Na uku shi ne jimillar nasara da rashin nasara. Lambar da aka gani a nan ba lallai ta yi daidai da wadda ke shafin WTA ba, kuma wannan ba ya nufin ɗayansu ya yi ƙarya. Bambancin yana fitowa ne daga abin da aka ƙirga: manyan gasanni kaɗai, ko har da share fage, ko har da ƙananan gasannin ITF, hukumar tanis ta duniya, inda kowace 'yar wasa ke fara neman maki. Duk wanda zai buga adadi, ya faɗi wanne ya ƙirga.

Ginshiƙan dama na jadawalin su ne na masu son tona ciki. 1stIn kason sabis na farko da ya faɗa cikin gida, 1st% kason makin da ta ci bayan ya faɗa, 2nd% na sabis na biyu, DF% kuskuren sabis biyu a jere. DR kuwa awo ne mai sauƙi da amfani: a raba kason makin da ta ci a sabis ɗin abokiyar karawa da kason da ta zubar a nata. A misali, wadda ta ci kashi 45 a can ta zubar da kashi 40 a nan, DR ɗinta 1.13 ne. Sama da 1 alama ce ita ta fi riƙe wasan, ko da ta sha kashi a ƙarshe. Matsalar ita ce a wasannin mata na zamanin Szávay, musamman ƙananan gasanni, sau da yawa waɗannan gurabe wayam suke. Laifin ba na shafin ba ne, abin da ba a adana ba ba ya samuwa, amma matsakaicin da aka fitar daga wasanni kaɗan bai kamata a ɗora masa nauyi ba.

Jerin Elo, wato awon ƙarfin 'yan wasa daga sakamakon wasanninsu, da shafin ya yi suna da shi na masu buga wasa a yanzu ne, ba za a ga mai ritaya a ciki ba. Shafin kuma an gina shi ne a kan wasan ɗaiɗai na manya. Kofin matasa na Roland Garros da ta ci a 2005, da nasarorinta na 'yan bibbiyu tare da Victoria Azarenka a wannan shekarar, gara a neme su a wurin ITF. Haka mai binciken Tímea Babos, wata 'yar tanis ta Hungari wadda darajarta ta fi yawa a 'yan bibbiyu, rabin labari zai samu a nan.

A waya, jadawalin ya fi allo faɗi, sai an kwantar da wayar ana ja gefe, kuma da an kai ginshiƙan ƙarshe sunan gasar ya ɓace daga gani. Kwamfuta ta fi dacewa da aiki mai tsawo.

Ƙarshen jerin nata ma yana buƙatar a karanta shi da sani. Bayan 'yan wasanni a farkon rabin 2011, layuka suka ɗauke fiye da shekara guda, ba tare da wata alama da ke cewa tsagewar ƙashin baya ce ta zaunar da ita ba. Sai ga ta a gasar Olamfik ta Landan a 2012, Elena Baltacha ta fitar da ita a zagayen farko, sannan US Open, inda ta faɗi a zagayen farko a hannun 'yar ƙasarsu Gréta Arn. Daga wannan layin babu wani.