Agogon Aljihu na Zinare: Nauyi Za Ka Saya ko Aikin Hannu?

Kai tsohon agogon aljihu wurin masu sayar da gwal a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ka ga abin da za su fara yi. Ma'auni za su jawo, su cire nauyin inji da gilashi, su faɗa maka kuɗin giram. Zanen da wani maƙeri ya yi wata guda yana bugawa a jikin murfin ba ya cikin lissafinsu. To, kafin ka fitar da ko sisi, ka san wanne kake nema.

Mafi sauƙin samu su ne 'yan Amurka, ƙirar kamfanonin Waltham, Elgin da Hamilton. An ƙera su da yawa, don haka kayan gyaransu ba su yi wuya ba, kuma lambar da ke jikin inji tana nuna shekarar da aka yi shi. Sai dai a nan ake yi wa sabon shiga sakiyar da ba ruwa. Yawancinsu ba zinare ba ne zalla, farin ƙarfe ne ko tagulla aka lulluɓe da fallen zinare. In ka buɗe murfin baya ka ga an rubuta garantin shekara 20 ko 25, lulluɓi ne. Ba laifi ka saya, amma kada ka biya kuɗin zalla.

Na zalla yana zuwa da lamba mai nuna karat, wato ma'aunin yawan zinaren da ke cikinsa: 750 karat 18 ke nan, 585 karat 14, 375 karat 9. Na Ingila suna da ƙarin hatimi, kan damisa na Landan, anga (ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa) ta Birmingham. Hatimi ma ana yin na jabu, saboda haka a gwada a gabanka, a wani lungu na ciki, ba a kan zanen ba.

Sai manyan, masu murfi mai tudu da kwari da aka buga daga ciki, irin na ƙarni na 18, da waɗanda aka yi da siffar fure ko ƙoƙon kai. Waɗannan da ɗan makulli ake wana su, kuma samun mai gyaransu a Kaduna sai an tona. Ni dai ba na ba kowa shawarar ya fara da su, balle daga hoton intanet. Sau da yawa inji daban, gida daban, an haɗa aure ne kawai. Ka duba tudun zanen: in ya shafe kamar tsohon kwabo, an goge shi fiye da kima, kuma darajarsa ta tafi. Sunaye irin Patek Philippe, kamfanin agogo na Switzerland, kuwa wata duniya ce. Nasu guda ɗaya, wanda suka ƙera wa attajirin Amurka Henry Graves, dala miliyan 24 aka sayar da shi a Janeba a 2014.

Akwai kuma abin da dillalin Turai ba zai gaya maka ba. Malamai sun hana namiji Musulmi ado da zinare, kuma siffar mai rai tana da nata hukuncin. Wanda abin ya dame shi, akwai na azurfa masu zanen ganye da fure, ga araha. Mai tarawa kuma ya tuna da zakka in zinarensa ya kai kimanin giram 85.

Ƙurar hunturu tana cin inji, don haka mai murfi ya fi buɗaɗɗe dacewa da garinmu. Ka nemi mai sayarwa ya bar maka shi kwana ɗaya, ka wana shi da safe, ka gwada da agogon wayarka washegari.