Strangers' Hall: gidan attajirai da ya zama gidan tarihi a Norwich

Wanda hanya ta kai shi Norwich, a gabashin Ingila, ya ware awa biyu ya shiga Strangers' Hall da ke titin Charing Cross. Daga waje ba ya cika ido, sai ka kutsa ta tsakar gida kafin ka gane girmansa.

Gidan 'yan kasuwa ne tun wajen 1320. Ɗakin ajiyar kaya na ƙarƙashin ƙasa, mai rufin baka, shi ne mafi tsufa, kuma nan na fi daɗewa. Akwai sanyi, haske kaɗan ne, dutsen ya sha hannu. Kana tsaye kana ganin inda dukiyar ta fara taruwa kafin a hau sama a yi ado da ita. Duk attajirin da ya mallaki gidan sai ya ƙara nasa: babban zaure a ƙarni na 15, sannan matakalar katako mai sassaƙa da Francis Cock ya sa a 1627. Da dama cikinsu sun yi magajin gari.

Abin da ya fi kama ni labarin baƙin da suka zo garin ne, waɗanda ake kira "Strangers" da Turanci. A 1565 sana'ar saƙa ta ja baya a garin, sai magajin gari Thomas Sotherton, mai wannan gida, ya tsaya aka gayyato masaƙa daga yankin Holan da Beljiyam na yau, masu gudun tsangwamar addini. An fara da masaƙa 30 da iyalansu, cikin 'yan shekaru suka kai kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen garin. Wanda ya san yadda maigida yake saukar da fatake a zango ba zai ga abin baƙo ba. Ana cewa su ne suka kawo kiwon kanari, tsuntsun da ke kan tambarin ƙungiyar ƙwallon Norwich City.

Ɗakunan zamanin Sarauniya Victoria da na kayan wasan yara na wuce su da sauri, yara za su fi jin daɗinsu. Lauya Leonard Bolingbroke ne ya ceci ginin daga rushewa, ya buɗe shi ga jama'a a 1900, ya miƙa wa birnin a 1922. Ya yi abin kirki ƙwarai.

Matakalu suna da yawa, daɓen ba a miƙe yake ba, don haka mai ciwon gwiwa ya bi a hankali. Ba kullum ake buɗewa ba, a duba ranaku kafin a kama hanya.