GARGAƊI: masu yawo da "jan gwal" a Aboabo da Asawase

Salamu alaikum 'yan uwa na Zangon Kumasi, don Allah duk wanda ya ga wannan ya tura ma iyayenmu mata musamman masu kasuwa a Kejetia da Alabar, don su ake nema.

Akwai wasu samari da ke yawo da dunƙulen ƙarfe ja-ja kamar girman goro, wai gwal ne ɗanye daga ramin galamse (haƙar gwal ba bisa doka ba) ta wajen Obuasi, wai jan da ya yi ai jan ƙarfe ne Allah ya haɗa shi da gwal tun cikin dutse shi ya sa za su bar maka da araha. Har takarda suke nunawa a waya da hoton dutse da dogon turanci. Wata Hajiya maƙwabciyarmu kuɗin adashinta kaf ta tura musu ta momo (tura kuɗi ta waya), da aka kai wa maƙeri ya goga da magagari ya ɗiga asid sai abin ya hau kumfa ya koma kore shar. Tagulla ce aka shafa wa ruwan gwal.

Abin da ya sa suke cin mutane har da masu boko shi ne rabin maganar tasu gaskiya ce. Gwal mai haɗe da jan ƙarfe daga Allah akwai shi, in ka bincika intanet za ka gani, akwai wanda ake kira auricupride akwai tetra-auricupride. Inda na farkon ya fi suna shi ne Karabash a tsaunukan Ural na ƙasar Rasha, cikin wani irin dutse mai nauyi, baƙi-baƙi kore-kore mai santsi, wanda asalinsa daga can ƙarƙashin ƙasa ya taso, ruwan zafi ya ratsa tsagoginsa ya bar gwal da jan ƙarfe tare. Na biyun kuma a Shinjang ta ƙasar Sin aka fara gano shi. To amma yawanci ƙwayoyi ne mitsi-mitsi, wasu sai da madubin ƙara girma ake ganinsu, masana ne ke bin su don nazari. Wa ya ce maka ana tsintarsu dunƙule-dunƙule a zuba a leda a kawo maka gida bayan isha'i? Kuma gwal ɗin Obuasi da Tarkwa da Prestea ba a irin wannan dutsen yake ba, kuma abin da ya fi haɗuwa da shi azurfa ce, wadda ke sa shi ya yi haske, ba ja ba.

Ko da na gaskiyan ne ma ba tsantsa ba ne fa, auricupride kusan rabin nauyinsa ne gwal, ɗayan kuma kashi 75 cikin 100, wato kamar karat 18.

Nauyi ba ya ƙarya. Gwal tsantsa giram 100 in ka sa a ruwa mililita 5 da ɗan kai zai tura, tagulla mai nauyi ɗaya kusan 12 za ta tura, shi ya sa masu sayen gwal na gaskiya suke auna shi cikin ruwa. Waɗannan kuwa da ka ce a auna sai su ce ai sauri suke, mota za ta tashi, ko su ba ka ɗan guntu na gaske ka kai gwaji, sauran buhun kuma shara. Wani lokacin a gabanka za su musanya ƙullin kana ƙirga kuɗi.

Sannan tun 2025 doka ta ce cinikin gwal na ƙananan masu haƙa sai da lasisin GoldBod, hukumar gwal ta gwamnatin Ghana, shi ya sa wanda aka damfara yake tsoron zuwa wajen 'yan sanda, 'yan damfarar ma sun san da haka. Alhaji, Hajiya, in sun zo muku ku ce a je wajen mai lasisi a narka duka a auna a gabanku, kar ku tura ko sidi ɗaya kafin nan. In sun ƙi ku riƙe lambar da suka kira ku da ita ku sanar da sarkin unguwa da 'yan sanda.