Ku yi hattara da masu tallar tankin gwaza da kifi a Facebook

Naira dubu 380. Har yanzu idan na buɗe waya na ga alat ɗin sai in ji kaina ya yi zafi. Wani mai talla a Facebook ne ya sayar mini da tankin kiwon kifi, wanda ruwansa ke zagayawa cikin kwamin tsakuwa da ake shuka gwaza. Dubu 250 na fara tura masa, sannan dubu 130 ranar da motar kaya ta tsaya a ƙofar gida. Kuma wallahi ni ba baƙo ba ne a kiwon tarwada, shi ne ma abin da ya fi ba ni haushi.

Abin da ya saye ni tambaya ɗaya ce. Na ce masa sai yaushe za a zuba kifi? Ya ce sai ruwan ya yi sati 4 zuwa 6 yana zagayawa, ƙwayoyin bakteriya sun kama tsakuwa, su ne masu mayar da amoniyar kashin kifi ta zama takin da saiwa ke sha. Amsar daidai ce! A nan na saki jiki. Ashe haddacewa ya yi. Ko kai ne ka ji wannan amsar ai sai ka yarda.

Ga abin da ya kawo. Tankin lita 1000 irin mai kejin ƙarfe, kana ɗaga murfi wani warin sinadari ya doke ka, ya ce na man girki ne. Ƙarya ne, roba tana shan sinadari, wanki ba ya fitar da shi. Injin tura ruwan an rubuta lita 1000 a awa a jikinsa, amma wannan lissafin idan ba hawa zai yi ba ne; da ya ɗaga ruwan mita ɗaya da rabi sai tsiyaya kamar fitsarin yaro, alhali ya kamata duk ruwan tankin ya zagaya sau ɗaya a kowace awa. Kwamin shukar zurfinsa santimita 15, ina gwaza zai yi ƙwai a nan? Aƙalla 30 ake so.

Tsakuwar ce ta ƙarasa ni. Farar ƙasa ce a cikinta. Na ɗiga mata ruwan khal, sai ga kumfa tana tashi. Irin wannan tana tura pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, sama da 8, ana son ya zauna tsakanin 6 da 7, daga nan shuka ba ta iya jan sinadarin ƙarfe, sabon ganye ya fito ɗorawa jijiyoyinsa kore. Haka nawa suka yi. Amma kafin nan ma, na manta ban faɗa ba, ranar haɗawar da kansa ya juye 'yan kifi 300 a ciki, mutumin da ya ce sai sati 6. Ina tsaye ina kallo ban ce uffan ba, don na riga na biya. Kwana tara suka fara juya ciki sama.

Sai irin gwazan. Ya ce na ƙasar waje ne, wata 3 ka haƙa. Gwaza yana cin wata 7 zuwa shekara kafin ya nuna, ko a fadama. Kuma ganyen ya zo da ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa kamar an jiƙa su, wato ciwon ƙunar ganyen nan da ya shigo Najeriya a 2009 ya cinye gonakin kudu. Shi na saya da kuɗina, dubu 380!

Yanzu ya toshe ni a WhatsApp, shafin ya canza suna amma hotunan su ne dai. Hoton alat biyun da hirarmu duk suna nan, zan ɗora da yamma in sha Allah.

Kada ku tura ko sisi sai kun je kun ga nasa yana aiki. Ku tafi da ruwan khal, ku shinshina tanki.