Kirby, Ditko, Kubert ko Eisner: wanne za ka fara saya cikin ayyukansu da ba a cika sani ba?

Duk wanda ya san Spider-Man ya ga aikin hannun Steve Ditko, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Haka wanda ya san Captain America da Hulk, ya ga na Jack Kirby. Sai dai waɗannan gwanayen zanen littattafan labarai masu hotuna (comics) sun yi wasu ayyukan da suka fi kusa da zuciyarsu, waɗanda ba su yi tashe ba. Kuɗin littafi ɗaya da na aiko shi daga Amurka ko Ingila ba wasa ba ne, gara mutum ya san abin da yake nema kafin ya sa hannu a aljihu.

In littafi ɗaya kawai kuɗinka zai saya, ni shawarata ka ɗauki Fax from Sarajevo na Joe Kubert, wanda kamfanin Dark Horse ya buga a 1996. Kubert ya yi suna da zana Hawkman, jarumi mai fukafukai, amma a nan babu mai fukafukai. Labari ne na gaskiya: abokinsa Ervin Rustemagić, mai harkar buga littattafan zane, ya maƙale da iyalinsa a Sarayebo, babban birnin Bosniya, lokacin da aka yi wa birnin ƙawanya a 1992, kuma na'urar fas (fax), mai tura takarda ta layin waya, ita ce hanyar da yake sanar da abokansa na waje halin da suke ciki. Kubert ya sa waɗannan saƙonni a cikin littafin, ya zana abin da ke bayansu. Za ka ga uba yana gudu da mota a titin da maharba ke harbi daga saman benaye, ka ga yara kwance a ƙasa suna jiran ƙarar ta lafa. Duk wanda ya taɓa zaman jiran labarin ɗan'uwansa daga garin da ake rikici, zai ji wannan littafi a jikinsa.

Na biyu a wurina shi ne The Losers na Kirby, fitowa 12 da ya yi wa kamfanin DC tsakanin 1974 da 1975, aka haɗa su a littafi guda a 2009. Sojoji huɗu ne a Yaƙin Duniya na Biyu. Kirby da kansa ya yi wannan yaƙi a Faransa a 1944, har sanyi ya kusa cinye masa ƙafafu, shi ya sa tsoron da ke fuskokin sojojin nan ba na ƙirƙira ba ne. Turancinsa kuma bai da nauyi, zanen ne ke ɗauke da labarin.

Ditko kuwa sai an yi hattara, don kayansa iri biyu ne. Akwai gajerun labarai 16 na ban tsoro da ya zana wa mujallun Creepy da Eerie a 1966 da 1967, yawancinsu Archie Goodwin ne ya rubuta, Dark Horse ya tattara su a 2013. Da yawa cikinsu da tawada mai gauraye da ruwa ya yi su, hayaƙi da inuwa suka fito toka-toka kamar a taɓa. Mai koyon zane ba zai yi da-na-sanin sayensa ba, amma ba na yara ba ne. Sai Mr. A, da ya fara a 1967, jarumin da a wurinsa abu ko fari ne ko baƙi, babu tsaka-tsaki. Dogayen jawabai kan falsafar marubuciyar Amurka Ayn Rand sun cika shafukan har sun danne zanen. Wannan ka bar shi sai ka saba da Ditko.

In don yaran gida kake sayayya, Will Eisner, wanda ya ƙirƙiri jarumin nan The Spirit, ya zana labarin Sundiata Keita na daular Mali a ƙarshen rayuwarsa: yaron da ya tashi ba ya iya tafiya, ya girma ya kayar da sarki Sumanguru. Siriri ne, kuma ba shi ne mafi ƙarfin aikin Eisner ba, amma ana karance shi a zama ɗaya, ga shi marar nauyi wajen aikowa.

Yawancin waɗannan sai na hannu za ka samu. Kafin ka biya, ka sa mai sayarwa ya turo hoton gindin littafin inda aka ɗinke shi da na shafi biyu daga ciki, ka kuma duba harshen da aka buga shi, don wasunsu sun fito da Faransanci ma. Ka tambayi kuɗin aikowa tun farko, don na mai kaurin bango yakan kai kuɗin littafin kansa.